Motar Kwali Mai Karkata Hagu: Nazarin Lamarin Yaron da Ke Cewa "Ban Iya Ba"

Yaron yana da shekara takwas lokacin da wata ɗabi'a tasa ta fara damun iyayensa. Duk aikin da aka miƙa masa, tun kafin ya taɓa ya riga ya ce, "Ban iya ba." Aikin gida na makaranta, ɗaura igiyar takalmi, zanen da malama ta ce kowa ya yi, duk amsar ɗaya ce. In an matsa masa ya fara, zai ja layi biyu ko uku ya goge, ya sake ja ya sake gogewa, har takardar ta huje, sannan ya dunƙule ta ya jefar. Ba ƙiwuya ba ce, domin yaro ne mai jin magana, in ka aike shi yanzu zai dawo. Abin da yake gudu shi ne duk aikin da za a iya ɗagawa a duba, a ce ya yi kyau ko bai yi ba.

Shi ne na biyu a gidan. Yayarsa ta girme shi da shekara uku, kuma tana cikin yaran nan da abubuwa ke zo musu da sauƙi: rubutunta a miƙe, karatunta babu gargada. Iyayen ba su taɓa ce masa ya dubi yayarsa ba, amma ba sai an faɗa ba, yana da ido. Shi karatu yana yi masa nauyi, kuma a aji ya san waɗanda suka riga shi gama shafi.

Shekarunsa suna da muhimmanci a nan. Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam, a littafin da ya fitar a 1950 kan ƙuruciya da al'umma, ya ce daga wajen shekara shida zuwa goma sha biyu babbar tambayar da ke gaban yaro ita ce ko shi mai iya yin abu ne ko kuwa na baya ne ga tsaransa. Susan Harter, wadda ta daɗe tana nazarin yadda yara ke kallon kansu, ta nuna cewa wajen shekara takwas ne yaro ke fara yanke wa kansa hukunci a dunƙule. Ɗan shekara huɗu zai ce maka ya fi kowa gudu, ko da yanzu aka tsere masa. Ɗan shekara takwas ya fara awo da gaske, kuma abu biyu yake ɗorawa a sikeli: iyawarsa a abin da ya ɗauka da muhimmanci, da yadda manyan da ke kusa da shi suke karɓarsa. Yaron nan bai rasa na biyun ba. Na farkon ne babu komai a kai.

Maganin da aka fara ba shi

Uwar ta ɗauka yabo ne ya yi masa ƙaranci, sai ta buɗe masa famfo. Kome ya zana sai ta ce, "Kai! Wannan ai ko babban mai zane sai haka." Wata rana ya dube ta ya ce, "Umma, ba haka ba ne. Don ni ɗanki ne kike faɗa." Ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin littattafai, bai sake nuna mata zane ba na tsawon lokaci.

Abin da ta yi shi ne abin da yawancin iyaye masu tausayi ke yi, kuma an auna shi. Eddie Brummelman da abokan aikinsa a ƙasar Holan sun wallafa bincike a 2014 inda suka samu cewa manya sun fi zuba yabo mai ƙari ga yaran da ba sa ganin ƙimar kansu. A wani sashe na binciken, yara 240 masu shekara 8 zuwa 12 sun kwafi wani zanen furanni na shahararren mai zane van Gogh, aka ba kowanne takarda da sunan wai daga wani ƙwararren mai zane take. Wasu an rubuta musu cewa zanensu ya yi kyau, wasu an ce ya yi matuƙar kyau, wasu ba a yabe su ba. Da aka ce su zaɓi zanen da za su kwafa a gaba, yaran da dama ba su yarda da kansu ba, in sun samu yabo mai ƙari, sai suka fi karkata ga zane mai sauƙi. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. In an ce abin da ka yi ya wuce misali, to an kafa maka ma'aunin da kake tsoron ba za ka sake kaiwa ba, mafita kuwa ita ce kada ka sake gwada abu mai wuya.

Uban kuma nasa salon daban ne. Yana yawan ce masa, "Kai fa mai ƙwaƙwalwa ne, ba ka dai so ne." Wannan ma an gwada irinsa. Claudia Mueller da Carol Dweck sun ba yara 'yan aji biyar a Amurka wasu tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, a binciken da suka wallafa a 1998. Bayan zagayen farko an yabi wasu da basira, wasu da ƙoƙari. Da aka kawo masu wuya, waɗanda aka yaba wa basira sun fi saurin sarewa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara. Gaskiya ne cewa da aka sake irin wannan gwaji a ƙasar Sin, sakamakon da aka wallafa a 2019 bai fito da ƙarfi haka ba, don haka ba abin rantsuwa ba ne. Amma a gidan nan an ga abin da maganar ta haifar: yaron ya fahimci cewa akwai wani suna da aka ba shi wanda kowane kuskure zai iya ƙwacewa.

Ba iyaye kaɗai suka taɓa yin wannan lissafi ba. A 1986 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa kwamiti guda don ɗaga ƙimar kai a tsakanin jama'a, da fatan hakan zai rage faɗuwa a makaranta da aikata laifi. Da Roy Baumeister da abokansa suka bi diddigin binciken da aka tara, a 2003, sai suka ga hujjar cewa ganin ƙimar kai ne ke kawo ƙoƙari a makaranta ba ta da ƙarfi. Sau da yawa ƙoƙarin ne ke zuwa tukuna, ganin ƙimar ya biyo baya.

Motar farko

Malamar ajinsu ce ta kawo shawarar aikin hannu. Ta lura cewa yaron da ba ya ɗaga hannu a aji shi ne mai kwance biro ya mayar da shi, shi ne kuma ke tara murafen gora a aljihu. Ta ce wa uban ya samu abin da za su riƙa ƙerawa tare, wanda babu mai ba shi maki. Suka zaɓi motar kwali, domin yaron na son motoci kuma kayanta ba sa buƙatar nema: kwali, murafen gora huɗu, siraran tsinkuna biyu, bututun roba biyu irin na zuƙar abin sha, gam, salatif, almakashi da rula.

Zaman farko ya lalace ta hanyar da ba wanda ya zata, domin mota ta fito tsaf. Yaron ya fara yankan kwalin ya karkace, uban ya ce, "Kawo in daidaita maka." Ya shafa gam ya yi yawa, uban ya ce, "Tsaya, ba haka ake yi ba." Kafin a ankara almakashi da rula da gam duk suna hannun babba, ƙaramin yana miƙo kaya. Da aka gama aka tura ta, ta tafi sak har bango. Yaron ya ce, "Motarka ta yi kyau, Baba." Ya tashi ya tafi wajen talabijin.

Uban bai ji komai a maganar ba, shi a ganinsa an yi nasara. Matarsa ce ta tambaye shi da dare, "Baban yara, wai wa ya yi motar nan?" Ya ce tare suka yi. Ta ce, "To wane ɓangare ne nasa?" Ya yi shiru.

A ganina nan ne lamarin ya juya, kuma abin lura shi ne uba ne ya fara gyaruwa kafin ɗa. Duk "kawo in yi maka" saƙo ne, kuma yaro yana karanta shi daidai: wanda ya fi kowa sanina ma bai yarda zan iya ba. Baki yana cewa kai mai basira ne, hannu yana ƙwace almakashi, yaro kuwa hannun yake gaskatawa.

Motar da ta karkata

A zama na gaba uban ya raba aiki tun kafin a fara. Abu biyu ya riƙe: huda murafen gora da ƙusa, da duk yankan da sai da reza. Saura na yaron ne. Don hannunsa ya samu abin yi, ya ɗauki nasa kwalin yana haɗa tasa motar a gefe, a hankali, yadda yaron zai iya satar kallo ba tare da an ce masa "kalli nan" ba.

Haɗin motar ba shi da yawa. Ana manna bututun roba biyu a ƙarƙashin kwalin, ɗaya gaba ɗaya baya, a zura tsinke a cikin kowanne, a soka murfin gora a kowane bakin tsinke. Tsinken yana juyawa a cikin bututun, tayoyin su juya tare da shi. Amma wurare huɗu ne abu ke iya ɓaci, kuma kowanne da alamarsa. In gam ya shiga cikin bututun, taya ta ƙi motsi. In hudar murfin ba ta tsakiya, motar ta riƙa ɗingishi. In murfi yana gogar jikin kwalin, wannan gefen ya riƙa ja da baya. In kuma bututun gaba da na baya ba su kwanta daidai da juna ba, motar ta riƙa yin kwana.

Ta yaron ta samu ta ƙarshen. Ya tura ta, ta yi gaba kaɗan ta lanƙwasa hagu ta bugi ƙafar kujera. Ya sake, ta sake. Fuskarsa ta canza, ya ɗaga ta zai matse, ya ce, "Na faɗa maka ban iya ba."

Uban ya riga ya ga karkatar bututun tun ana manna shi, kuma ya danne bai yi magana ba. Yanzu ma bai ce ta yi kyau ba, bai kuma ce ba komai ba. Ya ce, "Tayoyinka huɗu duk suna juyawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sake tura ta mu gani. Kullum hagu take yi, ko wani lokacin dama?" Yaron ya tura sau da yawa, ya ce kullum hagu. "To ashe ba rikici take yi ba, akwai abin da ke tura ta can. Kifa ta kusa da tawa." Yaron ya kifa su biyu yana dubawa. An ɗauki lokaci, uban yana ta fama da harshensa. Can sai yaron ya ɗora yatsa a kan bututun gaba ya ce, "Wannan ne ya kwanta a karkace."

Ya ɓamɓare salatif ɗin, kwalin ya ɗan yage. Ya mayar da bututun da ido, motar ta koma yin dama. A nan uban ya nuna masa dabara ɗaya tak: a auna da rula daga bakin kwalin zuwa inda bututun zai kwanta, a gefen hagu da gefen dama, a sa ɗigo biyu, a haɗa su da layi. Yaron ya auna da kansa, ya manna a kan layin. Motar ta tafi kusan miƙe. Ba kyakkyawa ba ce, duk jikinta salatif ne da shatin gam. Ya ɗauke ta ya ruga ɗakin uwarsa yana cewa, "Umma, da hagu take yi, ni na gano abin da ya sa!" Bai ce mata ta yi kyau ba, bai kuma tambaye ta ko ta yi ba. Gyaran yake ba da labari.

Me ya yi aiki a nan

Albert Bandura, a maƙalarsa ta 1977, ya lissafa hanyoyi huɗu da mutum ke samun yarda cewa zai iya wani abu: ya taɓa yi da kansa ya yi nasara, ya ga wani ya yi, an ƙarfafa masa gwiwa da baki, da kuma yanayin da jikinsa ke ciki lokacin aikin, ko natsuwa ko fargaba. Ya ce ta farkon ta fi sauran ƙarfi, ta bakin kuwa ba ta daɗewa in abin da ya biyo baya ya ƙaryata ta. Iyayen yaron nan sun shekara suna aiki da ta ukun ita kaɗai. Zaman mota ya haɗa huɗun a wuri guda, ya kuma sa ta farkon a gaba. Gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da aikin hannu ke da shi wanda aikin makaranta ba ya cika samu. A lissafi ko rubutu, wani babba ne ke cewa ka yi daidai ko ka yi kuskure, don haka hukuncin aikin da hukuncin mutumin sukan cakuɗe a zuciyar yaro. Motar kwali ita ke faɗin laifinta da kanta, ba ta ɓata rai, ba ta kwatanta ka da yayarka, kuma ana iya ɓamɓare ta a sake. Wannan ya fitar da uban daga kujerar alƙali ya mayar da shi gefen ɗansa, su biyu suna duban matsala ɗaya.

Rabon aikin ma ba a banza ya yi tasiri ba. David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross sun sa ido a kan yadda babba ke taimaka wa yara masu shekara uku zuwa biyar su haɗa wani gini na katako mai guda 21, suka wallafa a 1976. Sun kwatanta taimakon kirki da katakan da magina ke kafawa su tsaya a kai, waɗanda ake cirewa da zarar bango ya tsaya. Cikin ayyukan mai taimako da suka ambata akwai rage wa yaro yawan abin da zai riƙe a lokaci guda, nuna masa inda ya kamata ya duba, da kwantar masa da hankali in ransa ya fara ɓaci. Uban bai san da wannan bincike ba, amma tambayar "kullum hagu take yi?" ta yi biyun ƙarshen a numfashi ɗaya.

Kammalawa ma tana da nata rabo. Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely sun nuna a 2012 cewa mutane kan fifita abin da suka haɗa da hannunsu, ko da ninkin takarda ne mara fasali, amma wannan ƙauna kan ɓace in ba su kai aikin ƙarshe ba. Da manya aka yi gwajin, sai dai darasin ya shafi zaɓen aikin da za a ba yaro irin wannan: ya zama wanda zai ƙare a zama ɗaya ko biyu. Da jirgin ruwa mai hawa uku suka fara, da ya shiga jerin abubuwan da ya fara ya bari.

Inda aka yi tuntuɓe

Ba a tafi sumul ba. Yayar ta ga ana nishaɗi ta ce ita ma za ta yi, kuma cikin ɗan lokaci ta fitar da mota mai tagogi da fenti. Yaron ya ajiye tasa ya ce kansa na ciwo. Iyayen sun yi gardama a kan wannan. Uwar na ganin rashin adalci ne a hana yarinya, uban na ganin wuri ɗaya tak da yaron ya samu ne ake neman ƙwacewa. Suka tsaya a kan cewa zaman mota na yaron ne da ubansa, ita kuma a ware mata nata lokacin. Na fi karkata ga wannan hukunci, ko da yake yana da ɗaci: yaron da ya saba zama na biyu yana buƙatar fili na ɗan lokaci inda babu na ɗaya. Daga baya matsalar ta warware ta wata hanya, domin motar yayar mai kyan gani ɗingishi take yi, kuma shi ne ya gano cewa hudar murfi ɗaya ta kauce daga tsakiya.

Tuntuɓe na biyu daga uban ya zo. Da ya ga abin na tafiya, sai ya yi alkawarin kyauta ga kowace mota da aka gama. Yaron ya fara gaggawa, yana fitar da motoci iri ɗaya, ya daina gwada sabon abu. Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun ga irin wannan tun 1973 a wata makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford: yaran da aka yi wa alkawarin takardar yabo in sun yi zane, da aka bar su da alƙaluman daga baya sun rage zane sosai, alhali waɗanda ba a yi musu alkawarin komai ba sun ci gaba kamar da. Uban ya janye kyautar, ya mayar da ita kayan aiki, wato sabon gam da kwali mai kauri. An yi kwanaki ana fushi kafin sha'awar ta dawo.

Uwar ma ta sauya salon maganarta, kuma ta ce ya fi mata wuya fiye da yadda ta zata. Maimakon "ya yi kyau sosai", sai ta koma faɗin abin da idonta ya gani da yin tambaya: "Na ga ka ninka kwalin biyu a nan, me ya sa?" Yaron da ba ya son a yabe shi ya zama mai son a tambaye shi.

Halin da ake ciki

Bayan 'yan watanni, "ban iya ba" ba ta ɓace ba, amma ta ragu, kuma sau da yawa takan zo da ƙari: "Ban iya wannan wurin ba." Bambancin ba kaɗan ba ne, domin mai wannan magana ya riga ya fara aikin har ya san inda ya tsaya. Ya daina yaga takarda. Malamarsa ta ce ya karɓi aikin haɗa wani abu na kwali a madadin rukuninsu ba tare da an roƙe shi ba.

Lamari ɗaya ba ya zama hujja, kuma ba za a iya ware rabon kwali da gam daga rabon zama da uba ba. Yaron da a da ba ya samun mahaifinsa shi kaɗai yanzu yana samunsa a kai a kai, babu waya a hannu, babu faɗa. Mai yiwuwa ɗinki ko ginin yumɓu ko gyaran keke su yi abin da motar ta yi, muddin aikin na nuna kuskurensa a fili kuma babba ya iya riƙe hannunsa. Haka kuma da a ce yaron ya kai ga cewa ya tsani kansa, ko barcinsa da cin abincinsa sun rikice, ko ya janye daga abokai gaba ɗaya, to wannan ya wuce aikin hannu, sai an ga likita ko masanin halayyar yara.

Karatun kuwa yana nan da nauyinsa. Yarda da kai da aka samu a wani fanni ba ta tsallakawa zuwa wani da kanta, kuma mota ba ta koya wa kowa haɗa baƙi. Makarantar ta ba da shawarar a duba idonsa a kuma auna karatunsa, an yi na farkon ba a samu matsala ba, ana jiran na biyun. Kafin nan uwar ce ke zama da shi a kan littafi da yamma, shafi ɗaya a zama, kuma in ya cije ba ta karanta masa kalmar. Takan rufe rabinta da yatsa ta ce ya fara da abin da ya rage.